Wai me ke tsakanin marubutan Danmak da lokaci ne?

Bilkisu_Karatu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce. Na gama littafi na ɗaya na Solvej Balle, wata marubuciya 'yar Danmak, wanda aka fassara zuwa Turanci da sunan On the Calculation of Volume. Labarin wata mata ce Tara Selter, ita da mijinta Thomas sana'arsu sayar da tsofaffin littattafai a wani ƙaramin gari a arewacin Faransa, ta je Faris harkar kasuwancinsu, ta kwana ta tashi sai ga jiya ta dawo, 18 ga Nuwamba. Washegari ma 18 ga Nuwamba. Kowa ya manta, ita kaɗai ke tunawa. Kuma littafin a rana ta 121 ya fara. Shekaru biyu baya na karanta littafin Peter Høeg na farko, na 1988, The History of Danish Dreams, a ciki akwai wani basarake da ya kewaye gandunsa na Mørkhøj da ganuwa, ya sa aka tsayar da duk agogon da ke ciki, don ya yi imani nan ce cibiyar duniya. Sai na ce to wai me mutanen nan suke nema da lokaci? Kuma na lura duk sanda suka taɓa lokaci sai sun ɗaure labarin a wani ɗan wuri takamaimai, gida ɗaya ko gari ɗaya. Ni a ganina wannan shi ne irin nasu magic realism ɗin, ba aljani ba maye, lokaci ne kawai ke lalacewa. Ko na yi kuskure?

MalamSani_Gwale:
Wa alaikumus salam Malama Bilkisu. Tambaya mai kyau, amma bari mu fara daidaita kalmar magic realism ɗin tukuna don ana yawan jefa ta ko'ina. Wani Bajamushe mai sharhin zane-zane, Franz Roh, shi ya yi amfani da ita a 1925, kuma kan zane yake magana ba littafi ba. Daga baya ta koma adabin Latin Amurka, Alejo Carpentier ya yi bayanin nasa fahimtar a 1949, sannan García Márquez ya zo da One Hundred Years of Solitude a 1967 duniya ta ɗauka. Sharaɗin da ni na sani shi ne abin al'ajabi ya faru a tsakiyar rayuwar yau da kullum kuma mutanen cikin labarin su karɓe shi kamar yadda ake karɓar ruwan sama. Na Høeg ya cika wannan sharaɗin, basaraken ya yi ɗaruruwan shekaru a raye kuma ba wanda ya tsaya tambayar ta yaya. Amma Tara fa? Tana ƙirga ranaku, tana rubutawa, ita da mijinta suna gwaje-gwaje don su gano ƙarfe nawa na dare abin ke juyawa. Wannan bincike ne. Ni ba zan sa shi a ajin magic realism ba.

Zee_Bichi:
Ni dai daga jin labarin ai fim ɗin nan ne na Amurka da mutumin ke tashi a rana ɗaya kullum, Groundhog Day. Kwafa ta yi kawai ko?

Bilkisu_Karatu:
A'a Zee, fim ɗin 1993 ya fito, ita kuma ta ce tun 1987 tunanin ya zo mata, ta yi sama da shekara talatin tana juya shi kafin na farko ya fito a 2020. Kuma ba su yi kama ba sam. A nata, jikin Tara yana tafiya da lokaci, ta ƙone a hannu a jikin hita a shagon wani abokinsu a Faris kuma ƙunar tana warkewa a hankali duk da kwanan wata bai motsa ba. Ba a gado ɗaya take farkawa ba, inda ta kwanta nan take tashi. Abin da ya fi tayar min da hankali, abin da ta ci ba ya dawowa. In ta sayi wani abu a kanti yau, gobe gurbinsa yana nan wayam a kan kanta, a hankali kantin yana ƙarewa, har ta fara ganin kanta a matsayin dodon da ke cinye duniya, mijinta kuma kamar fatalwa don shi ba ya barin alama.

Hafsat_Aarhus:
Bari in sa baki tunda a ƙasar nake zaune, shekarata ta uku kenan ina karatu. Anti Bilkisu in kina son sanin me ke tsakaninsu da lokaci ki zo nan a watan Nuwamba. Wallahi gari ba ya wayewa sai wajen takwas, ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba, kuma tsakanin nan ɗin ma ba rana za ki gani ba, wani toka-tokan sama ne da yayyafi da ba ya ƙarewa. Azahar, la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu ake yinsu, in kina aji sai ki fito ki tarar biyu sun wuce ki. Shekarar farko na sha farkawa in kalli taga in rasa asuba ce ko isha'i, sai na duba waya. Sannan a watan Yuni abin ya juye, kusan goma na dare da sauran haske, yara na wasa a waje. Mu a gida tsawon yini kusan ɗaya ne duk shekara, shi ya sa ba ma jin lokaci a jiki haka. Da na ga 18 ga Nuwamba ta zaɓa ban yi mamaki ba ko kaɗan, ko ba tsafi ranakun watan nan kusan duk ɗaya ne.

Tijjani_Fassara:
Hafsat na fahimce ki amma ina ɗan tsoron wannan bayanin na yanayi. Norway da Sweden da Finland sun fi Danmak duhu. Kuma labarin Tara ma ba a Danmak yake faruwa ba, a Faransa ne. Ƙari kuma ga Malam Sani, a littafin Márquez ɗin da ka ambata akwai inda José Arcadio Buendía ya dage cewa kullum Litinin ce, lokaci ya tsaya, daga nan ne aka ɗaure shi a gindin bishiya. To ka ga ko can Kolambiya an yi wannan wasan da lokaci, kuma shi ma ai bincike ya yi ta yi, yana duba komai ko zai ga abin da ya canza daga jiya.

MalamSani_Gwale:
Haka ne Tijjani, ka tuna min. Sai dai shi mutanen gidansa haukacewa suka ɗauka ya yi, marubucin ya bar maka ƙofa biyu. Ita Tara ba ƙofa biyu, abin ya faru ne da gaske.

Abu_Hanifa77:
Ni abin da ya zo min a rai tun da na fara karanta saƙonnin nan shi ne ƙissar Ashabul Kahfi. Su barci suka yi shekara 309 duniya ta wuce ta bar su, da suka farka suka ɗauka yini ɗaya ne ko wani sashe na yini, sai kuɗin azurfar da suka aiki ɗayansu da shi sayen abinci ya tona. Ita wannan matar akasin haka ne, ita ke tafiya duniya ta tsaya.

Sadiya_Tudun_Wada:
Malam Abu Hanifa a yi hattara dai, wancan gaskiya ce daga Alƙur'ani, wannan kuma ƙagaggen labari ne, kada a haɗa su layi ɗaya.

Abu_Hanifa77:
Na gode 'yar uwa, ban haɗa su ba wallahi. Abin da nake nufi shi ne mu da muka tashi muna karanta suratul Kahfi duk Juma'a, tunanin mutum ya rabu da lokacin sauran jama'a ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ya sa irin wannan littafin zai iya shigarmu da sauri.

Bilkisu_Karatu:
Kai Malam Abu Hanifa tsigar jikina ta tashi, don a littafin ma akwai kuɗi! Wani tsohon kwabon Rumawa ne da ta saya wa mijinta tsaraba, wani lokaci ya zauna tare da ita wani lokaci ya koma inda ya fito, kuma a littafi na biyu shi ne ya ja ta ga karatun tarihin Rumawa.

Ummi_Maradi:
Ban karanta na Høeg ba amma na karanta na Balle na ɗaya, kuma ni ban damu da sunan ajin da za a sa shi ba. Bara na yi jinyar mahaifiyata wata biyu da rabi a asibiti, Allah Ya jiƙanta. Ta kai ba ta riƙe abu, duk safiya sai ta tambaye ni yaushe muka zo nan, in ce Inna mun daɗe, ta ce to a kira yayanku ya zo ya kai mu gida, in ce to. Gobe haka, da kalmomi iri ɗaya, har da yadda take gyara ɗankwalinta kafin ta yi tambayar. Na san ƙarar keken magani in ya shigo layinmu, na san tarin matar gado na uku, na san ƙarfe nawa mai kunu ke wucewa ta bayan taga. Da na kai inda Tara ta gaji da yi wa mijinta bayani duk safiya, shi yana yarda da ita kullum amma kullum daga farko, har ta koma ɗakin baƙi ta ɓuya a gidanta tana sauraron takunsa a matakala da ƙarar butar shayinsa, ajiye littafin na yi na yi kuka sosai. Tana son shi yana son ta, suna gida ɗaya, amma kwanaki ɗari da wani abu sun shiga tsakaninsu. Ni wannan na sani, na zauna a cikinsa.

Hafsat_Aarhus:
Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Anti Ummi kin sa ni hawaye.

MalamSani_Gwale:
Allah Ya gafarta mata Hajiya Ummi, Ya ba ku ladan haƙuri.

DanZongo_Nima:
Amin. Ni daga Accra nake, zan ɗan karkata kaɗan ku yi haƙuri. Duk sanda aka ce Danmak ni Osu Castle nake tunawa, asalin sunansa Christiansborg, su suka riƙe shi, suka yi cinikin bayi daga nan zuwa tsibiransu na Karibiyan, daga baya suka sayar wa Ingila da wurarensu na bakin teku a 1850. Ina wucewa ta wurin kusan kullum. Akwai marubucinsu Thorkild Hansen da ya yi littattafai uku kan wannan tsakanin 1967 da 1970, na farkon kan gabar tekunmu ne. To in ana maganar wuri a adabinsu, a tuna wurin nasu bai tsaya a 'yan tsibiran nan masu sanyi ba.

Tijjani_Fassara:
Wannan ba karkata ba ce Ɗan Zongo, ta shigo daidai. Dubi littafin Høeg da ya fi shahara, na Smilla, 1992. Uwarta 'yar Girinlan ce, tsibirin ƙanƙarar nan da ke ƙarƙashin Danmak, ubanta likita ɗan Danmak, tana zaune a Kopenhagen amma ba ta taɓa jin ta a gida ba. Yaron maƙwabtansu ɗan Girinlan ya faɗo daga saman rufi, 'yan sanda suka ce wasa yake, ita kuma ta kalli sawunsa a kan ƙanƙara ta ce wannan sawun wanda ake kora ne, ga shi yaron yana tsoron bisa. Wasu na kiran wannan baiwar tata al'ajabi, ni kuma ina ganin ilimi ne na wanda ya tashi a wurin, kamar yadda makiyayi ke kallon sawu ya gaya maka shanu nawa suka wuce da yaushe. Abin ya zama tsafi ne kawai a idon mutanen birni. Kuma a ƙarƙashin labarin duk mulkin mallaka ne, tun zuwan ɗan mishan Hans Egede Girinlan a 1721, har Girinlan ta samu 'yancin cikin gida a 1979.

Baba_Audu_Numan:
'Ya'yana ina bin ku a hankali. Mu nan Numan mun san mutanen Danmak tun zuwan Dokta Brønnum a 1913, mishan ɗinsu ne asalin cocin Lutheran na wannan yankin. Ban san suna da marubuta haka ba. Ni Andersen kaɗai na sani, mai tatsuniyoyin yara.

Hafsat_Aarhus:
Baba ai Andersen ɗin ma ya taɓa wannan harkar. Yana da wani labari na 1838 kan wasu takalman sa'a, duk wanda ya saka su abin da ya yi fata zai same shi. Wani babban ma'aikaci yana ta yabon zamanin da a wurin walima, ya fito ya saka su bisa kuskure, sai ga shi a Kopenhagen ta zamanin Sarki Hans, ba fitila ba daɓe sai taɓo, gadar da ya saba bi babu ita, ya rasa hanyar gidansa a garin da aka haife shi. Kun ga titi ɗaya ne, lokaci ne ya zame.

Kabiru_Jirgi:
Tunda an zo maganar takalmi dole in shigo. Ba wanda ya ambaci Carsten Jensen, We, the Drowned, 2006, kuma a wurina shi ne ya fi dacewa da abin da Malam Sani ya faɗa. An buɗe shi da wani matuƙin jirgin ruwa Laurids Madsen, a yaƙin da aka yi a Eckernförde a 1849 jirgin yaƙin Danmak Christian VIII ya fashe, wannan tarihi ne ya faru, shi kuma Laurids fashewar ta cilla shi sama har ya kai ƙofar aljanna, nauyin takalmansa na aikin teku ya dawo da shi ƙasa a tsaye. Mutanen garinsu Marstal ba su yi gardama ba, sun karɓa, ya zama abin da ake saninsa da shi, kuma takalman suka ci gaba da yawo a labarin. Littafin ya ɗauko daga 1848 har 1945, kuma mai ba da labarin ba mutum ɗaya ba ne, "mu" ne, garin gaba ɗaya ke magana, rayayyu da waɗanda teku ta cinye. Na yi aikin jirgin ruwa shekara shida, na san yadda mutum ke dawowa gida ya tarar yaron da ya bari a goye yana gudu bai san shi ba. Garin da mazansa ke teku lokaci biyu yake da shi, na mata a gida da na maza a ruwa.

Bilkisu_Karatu:
Yaya Kabiru ka san ita Solvej Balle a Marstal ɗin nan take zaune? A tsibirin Ærø. Daga can ta fitar da littattafan da ɗan kamfanin ɗab'inta na kanta, har na ɗaya zuwa na uku suka ci kyautar adabi ta Majalisar Ƙasashen Nodik, wato na arewacin Turai, a 2022. Guda bakwai ta tsara za su zama.

Kabiru_Jirgi:
Ban sani ba wallahi. Ɗan garin nan da bai kai wata unguwa a Kano ba!

Zee_Bichi:
To ni tambayata, in dai haka ne ai mu ma muna da shi tun tuni. Ganɗoki fa? Ya yi yaƙi da Turawa na gaske sannan ya tafi duniyar aljanu. Me ya sa ba a kiran namu magic realism sai na Turawa?

MalamSani_Gwale:
Zee tambayarki tana da nauyi. Ganɗoki na Bello Kagara 1934 ne, shekara 33 kafin na Márquez. Amma ki lura da ginin, kashin farko tarihi ne, sai jarumin ya bar ƙasar ya shiga wata duniya daban, sannan ya dawo ya tarar zamani ya canza. Al'ajabin yana can, zahiri yana nan. A na Høeg kuwa akwai wani gidan haya na talakawa a unguwar Christianshavn da ke nutsewa cikin ƙasa a hankali, wata mata a ciki tana ta goge-goge da wanke-wanke ba ta fasa ba. Al'ajabin a cikin ɗakin yake tare da tsintsiya. Wanda ya fi kusa da wannan a Najeriya shi ne Ben Okri, The Famished Road, da ya ci kyautar adabi ta Booker a 1991.

Tijjani_Fassara:
Ni ban gamsu da wannan iyakar ba Malam. A wurin mai sauraron Ganɗoki na 1934 aljani ba wata duniya ba ce, yana kan tsamiyar bayan gida. Masu sharhi ne suka ja layin daga inda su suke tsaye.

Sadiya_Tudun_Wada:
Anti Bilkisu ke kika ce ba aljani ba maye, to ga gyara. Olga Ravn ta fitar da wani a 2023, The Wax Child, kan shari'ar maita da aka yi wa wasu mata a Aalborg, cikinsu har da wata mai jinin sarauta Christenze Kruckow da aka fille wa kai a 1621. Kuma mai ba da labarin 'yar tsana ce ta kakin zuma da matar ta ƙera, tana binne a ƙasa tana jin komai har bayan ɗaruruwan shekaru. Maitar tana nan.

Bilkisu_Karatu:
Na karɓi gyara Sadiya, na yi gaggawa a nan. Amma dubi abin da kika faɗa da bakinki, 'yar tsana a binne a wuri ɗaya shekaru na wucewa ta kanta. Ai mun dawo inda na fara, wuri ya tsaya cak lokaci na yin abin da ya ga dama. Har yanzu ina ganin akwai wani abu nasu a nan ko da sunan da na ba shi bai dace ba.

Hafsat_Aarhus:
Akwai Svend Åge Madsen ma, ɗan nan Aarhus, da yawa daga labaransa a titunan garin nan suke. Yana da wani na 1976 da wani masanin tarihi daga can gaba yake ƙoƙarin gano yadda mutanen Aarhus na shekarun 1970 suka rayu, abubuwan da kowa ya ɗauka daidai ne kamar kulle mutum a kurkuku shi a wurinsa abin mamaki ne. Sai dai Tijjani ya yi gaskiya ɗazu, kada in ɗora komai a kan duhu.

Ummi_Maradi:
Anti Bilkisu ke da kika kai na biyu, don Allah ta koma wurin mijin nata kuwa? Abin da nake son sani kenan tun ɗazu.

Bilkisu_Karatu:
Ban gama shi ba Ummi, ina tsakiya. Inda nake yanzu ta bar gidan, ta je wurin iyayenta a Brussels ta gaya musu cewa a lissafinta Kirsimeti ta zo, suka yarda suka dafa abincin bikin a 18 ga Nuwamba. Daga nan ta hau jirgin ƙasa ta yi arewa neman ƙanƙara don ta samu hunturu, da niyyar in ta ƙirga watanninsa sun cika ta gangaro kudu neman bazara. Wato tunda lokaci ya ƙi kawo mata yanayi, ita ke bin sa gari-gari da jakarta. Jiya da daddare na tsaya tana can arewa.

Ummi_Maradi:
To in kin kai inda ta koma, ko ba ta koma ba, kada ki faɗa a nan. Ki min magana ni kaɗai, sai na shirya tukuna.